Wasiƙun Ko-ta-kwana

Dogo yana kwance ƙarƙashin tankar ruwa, sifana a hannu, yana fama da wani noti da ya ƙi ɗauruwa, sai ya ji ihu daga wajen sito. Wata bakwai a wannan sansani sun koya masa rabe ihu. Akwai na hari, akwai na wanda kunama ta harba a cikin takalmi, akwai na wanda aka cinye a karta. Wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Ya mirgino waje, ya goge hannu a wando, ya nufi wurin.

Saje Mai Sito ne tsaye a ƙofa, lulluɓe da bargo. Kwana biyu ke nan zazzaɓi ya kayar da shi, sai yau ya iya miƙewa. Idanunsa sun kaɗa sun yi jajur.

"Takardun da na shanya a kan teburin nan, uban wa ya taɓa su?"

Sojoji suka fara taruwa, wani da kumfar aski a rabin fuska, wani da gwangwanin shayi. Kuku ya fito daga rumfar girki da ludayi a hannu, yana murmushi irin na mai jiran yabo.

"Ni ne, Saje. Jiya motar abinci za ta juya, kai kuma kana kwance kana rawar ɗari. Na ga takardu a ambulan, kowacce da adireshinta, na ce bari in rage maka aiki. Na zuba su a jakar wasiƙu na miƙa wa direba."

Saje ya sulale ya zauna a dandaryar ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. A nan Dogo ya gane.

Wani abu ne da mutanen sansanin suka ƙirƙira wa kansu, ba ya cikin dokar soja. Duk wanda aka kawo, a makonsa na farko zai zauna ya rubuta wa iyalinsa takardar ban-kwana, ya liƙe, ya sa adireshi, ya ba Saje. Saje ya kulle ta a wani tsohon akwatin harsashi mai jan fenti. Ba a buɗe akwatin sai mutum ya faɗi. Su suke kira wasiƙun ko-ta-kwana, kuma sau biyu kacal aka taɓa buɗe akwatin a wata bakwai. Shekaranjiya aka tafka ruwa, kwanon sito ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin. Saje ya lallaɓa da zazzaɓinsa ya shanya takardun a kan tebur don su bushe, ya koma ya kwanta.

Guda talatin da ɗaya. Duk suna kan hanyar gida.

Dogo ya san layin farko na tasa kamar yadda ya san sunansa. "Idan wannan takarda ta zo hannunki, to ni kam Allah ya karɓi abinsa." Matarsa ya rubuta wa, Maman 'Yan Biyu, wadda ke da shagon ɗinki a bakin ƙofar bariki. Amma ba ita ta fara faɗo masa a rai ba. Inna ce, mahaifiyarsa, da ke zaune tare da su a ɗaki biyun da aka ba shi. Bara da aka zo da labarin rasuwar ɗan maƙwabciyarsu, ɗan da ba ita ta haifa ba, Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ta yi kwana tara a asibiti. Likita ya ja Dogo gefe ya ce masa zuciyar nan ba za ta ɗauki irinsa karo na biyu ba.

Wuri ya kaure. Wani ya cakumi rigar Kuku, wani ya shiga tsakani.

"Kai Kuku, Allah ya isa! Abin da abokan gaba suka kasa wata bakwai, ka yi shi a yini ɗaya. Mutum talatin da ɗaya ka kashe, ko harsashi ba ka ɓata ba!"

"Wallahi ban sani ba, na rantse! Har da tawa fa a ciki!"

"Taka wa zai yi kuka? Matarka hutawa za ta yi da cin gishirinka."

Kyaftin ya iso yana ɗaura bel. Ya saurari Saje a jimla uku, bai yi faɗa ba, ya juya kawai ya nufi tantin rediyo, mutane suka bi shi ɗuu suka tsaya a waje.

Dogo ya jingina da buhunan yashi yana lissafin hanya. Motar abinci ta tashi jiya da azahar. Takan kwana a hedikwata, ta kama hanyar birni da hantsi, ta isa bariki da la'asar. Ke nan har yanzu jakar tana hedikwata, sai dai a ce wa direba ya ajiye ta. Ya ji numfashinsa ya fara dawowa. A gabansa safunan mutane na shanye a kan waya mai ƙaya, ƙudaje na bin gwangwanayen kifin jiya, kamar babu abin da ya faru.

Rabin awa rediyo na ƙara da shashshaka, sannan Kyaftin ya fito. Dogo yana ganin fuskarsa ya sha jinin jikinsa.

"Motar tana hedikwata," in ji Kyaftin. "Jakar ce ba ta nan. Direba ya ga motar asibiti za ta wuce birni jiya da yamma, ya ce bari ya yi muku alheri, wasiƙunku su isa da wuri. Tun safe jakar ta shiga bariki. Masinja ya hau babur ya fita rabo."

"A kira shi mana, Yallaɓai!"

"An kira. Wayarsa na kan teburin ofis tana caji, su ma suna kallonta tana ƙara. Sun tura mutum nemansa, amma bariki layi arba'in ne, kun fi ni sani."

Kowa ya san sauran zancen. Rediyon soja ba ya kiran gidan kowa. Turken wayar da ke kusa an ƙone shi mako uku da suka wuce, tun daga ranar babu wanda ya ji muryar gida. Wayoyi duk sun mutu a cikin jakunkuna, don man janareta na rediyo ne kaɗai. Wuri ɗaya ya rage da waya ke kamawa, wani tudu can gaba da rijiyar burtsatsen da Dogo ke ɗebo ruwa kullum, wanda sojoji suka laƙaba wa suna Tudun Kana-ji-na. Ko a can ma sai mutum ya hau saman mota. Kuma tudun fili ne fetal, daga nesa ake hango wanda ke kai.

"Dogo, motarka ta fi kowacce tsayi," in ji Kyaftin. "Ta tashi?"

"Za ta tashi, Yallaɓai."

"Wa ke da waya mai rai?"

Can baya wani hannu ya ɗago a hankali, da ludayi a cikinsa. Kuku yana da wata 'yar ƙaramar waya mai madannai da yake cajawa da fitilar hasken rana, ita ke tashinsa ɗora ruwan shayi.

"Minti goma sha biyar na ba ku a kan tudun, ko daƙiƙa ɗaya kada ku ƙara. Ba za ku iya kiran gida talatin da ɗaya ba, don haka mutum ɗaya za ku kira, wadda za ta kai wa saura. Wa duk matan bariki suka sani?"

Baki ya haɗu: "Mai Ɗinki! Matar Dogo!"

"Ai ita ce ofishin labarai," wani ya ƙara. "Matata takan san an ƙara min girma a shagonta kafin ni in sani."

Saje ya yar da bargo ya ce shi zai ja rakiya. Kyaftin ya dube shi yana rawar sanyi a cikin rana, ya buɗe baki zai hana, sai ya fasa.

Dogo ya koma ƙarƙashin mota, notin da ya ƙi ɗauruwa tun safe ya ɗauru a juyi biyu. Tsohuwa, haka yake kiran tankar, ta yi tari sau uku ta kama. Motar rakiya a gaba da Saje da mutum shida, Dogo a baya, Kuku a gefensa ya rungume wayar a ƙirji da takardar sunaye.

Hanya ce da Dogo ya sani rami-rami. Kullum yakan bi ta a natse, yana lallaɓa Tsohuwa yana yi mata hira. Yau ƙafarsa sai ƙaiƙayi take a kan totur. A kwalbatin farko rakiya ta tsaya kamar kullum, mutum biyu suka sauka da na'urar binciken nakiya, suna tafiya taku ɗaya-ɗaya suna shara da ita a kan ƙasa. Dogo ya taɓa ganin abin da gaggawa ta yi wa wata mota a daidai wurin nan, saboda haka bai danna oda ba. Ya dai ƙanƙame sitiyari.

"Dogo," in ji Kuku a hankali, "idan wani abu ya sami Inna, ka harbe ni kawai."

"Rufe min baki. Wa zai dafa mana shinkafar da ba ta nuna ba?"

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Riƙe wayar nan da kyau, kada gumin hannunka ya kashe ta."

Kwalbati uku, tsayuwa uku. Suka wuce rijiyar burtsatse ba su ko kalle ta ba. Sha ɗaya saura kaɗan Tsohuwa ta hau tudun tana nishi. Sojojin rakiya suka dira suka bazu, kowa ya kwanta bayan dutse ya saita bindiga. Saje ya tsaya a gindin mota ya ɗaga agogo.

"Na fara ƙirga!"

Dogo ya haye tsanin ƙarfe, Kuku a bayansa. Saman tankar ya ɗauki zafi har yana ratso takalmi. Ya ɗaga wayar sama yana juyawa. Babu komai. Ya matsa wajen murfi, ya yi ɗage. Sandar sabis ɗaya ta fito, ta ɓace, ta dawo ta tsaya.

Ya danna lambar matarsa, wadda ko a mafarki ba ya mantawa. Ta shiga. Tana ƙara, tana ƙara, har ta katse.

"Wataƙila keken ɗinki ne ya hana ta ji," in ji Kuku.

Ya sake. Ta yi ƙara har ta gaji. A karo na uku aka katse kiran tun a ƙara ta biyu. Ya rubuta saƙo, "Ni ne, ina da rai, ɗauki waya," ya tura, ya sake kira. Wata murya mai sanyi ta ce masa wayar a kashe take.

"Saura sha ɗaya!" Saje ya ɗaga murya daga ƙasa. "Kira tawa matar!"

Matar Saje ta ɗauka a ƙara ta farko, da hayaniya a bayanta. Tana asibitin cikin gari a kan layi, ta kai yaro allura. Dogo ya yi mata bayani cikin numfashi ɗaya. Ta yi salati, ta ce yanzu za ta nemi mota, amma da cunkoson nan sai ta yi awa guda kafin ta isa bariki.

"Ai na ga masinjan ma lokacin da zan fito," ta ce. "A shagon Maman 'Yan Biyu ya fara tsayawa, ita ce a bakin ƙofa. Saje yana nan? Ba ni shi in ji..."

Dogo ya katse. Matarsa ta karanta ke nan. Kuma yanzu ya gane abin da ya hana ta ɗauka. Tasa wayar ta faɗa cikin tankin nan tun watan jiya, wannan lambar ba ta san ta ba. Matar soja da takardar ban-kwana a hannu, baƙuwar lamba na kira, ta san abin da ake kira a faɗa mata. Ba ta so ta ji.

"Babu wani mai waya a gidan?" Kuku ya tambaya.

"Inna."

Suka dubi juna. A cikin takardar, Dogo ya rubuta wa matarsa cewa kada ta faɗa wa Inna kai tsaye, ta nemo likita tukuna. Idan ta bi maganarsa, Inna ba ta san komai ba. Idan kuma kuka ya ci ƙarfinta a gaban tsohuwar, to wayar da zai kira yanzu wataƙila wani ne zai ɗauka.

"Saura tara!"

Ya yi bisimilla ya danna.

Ƙara ɗaya. Biyu. Uku. Inna takan ajiye wayarta a ƙarƙashin matashi, sai ta lalubo. Huɗu. Biyar.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Muryarta ce, ƙasa-ƙasa, amma tata ce. Dogo ya gyara murya kamar wanda ya kira don gaisuwa kawai.

"Inna, ni ne. Ina kwana? Ya ƙafar?"

Shiru. Ya ɗauka layin ne ya yanke, ya duba, sandar tana nan.

"Inna? Kina ji na?"

"Soja?" Haka take kiransa tun ranar da ya sa kaki. "Kai ne da bakinka?"

"Ni ne, Inna. Lafiyata ƙalau. Wayar abokina ce."

Ya ji ta sauke wani dogon numfashi, ta yi hamdala sau uku a jere.

"Inna, ina Maman 'Yan Biyu? Ina so in ba ta saƙo, na gaggawa ne, na aiki."

"Tana shago. Tun da mai babur ɗin nan ya tafi ta ja ƙofa ta rufe. Na aika a tambaya, ta ce kanta ke ciwo. Shekara tara ina zaune da yarinyar nan, ban taɓa ganin ciwon kai ya sa ta rufe shago da rana ba." Ta ɗan tsaya. "Sai na yi alwala, na sha maganina, na zauna a bakin gado ina jiran a zo a faɗa min."

Dogo ya rufe ido. Kuku, wanda ya kafa kunne a bayan wayar, ya juya baya yana goge fuska da hular girki.

"Babu abin da za a faɗa miki, Inna. Kuskure aka yi, wata takarda ce aka aika da bai kamata ba. Ga ni kina ji na. Za ki iya kai mata wayar?"

"In ban iya ba wa zai iya? Tsaya in nemo takalmina."

"Saura bakwai!"

Daga ƙofar ɗakinsu zuwa shagon taku ɗari biyu ne, Dogo ya sha ƙirgawa. Shi a minti ɗaya yake yi. Inna da gwiwarta takan yi biyar, tana tsayawa gaisawa da kowa. Ya ji ƙarar ƙofa, ya ji sandarta tana bugun siminti, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Inna, a hankali fa. Kada ki yi sauri."

"Ka ce na gaggawa ne, ka ce kada in yi sauri. Wanne zan ɗauka?"

"A hankali da sauri."

"Ji shirme. Kana cin abinci kuwa? Muryarka ta rame."

"Murya tana ramewa, Inna?"

"Taka ta rame. Wa ke dafa muku?"

Dogo ya dubi Kuku. "Wani bawan Allah ne. Yana ƙoƙari."

Wata mata ta gaishe ta a hanya, ya ji Inna ta ce, "Anjima, anjima, ina da uzuri," ba ta tsaya ba. Numfashinta ya fara fita da ƙarfi, kowane ɗaya yana sukar Dogo a ƙirji. Ƙwas, ƙwas. Ta ce 'yan biyu sun tafi makaranta, ƙaramar ta fasa gilashin fitila ta ce iska ce. Ta ce famfon layinsu ya gyaru. Ya gane magana take don ya san tana tsaye da ƙafafunta.

Daga gefen gabas wani soja ya yi fito. Saje ya ɗaga madubin hange ya daɗe yana kallo.

"Babura ne, can bakin kurmi. Uku ko huɗu. Ban san ko su wane ne ba, kuma ba zan tsaya tambaya ba. Dogo, minti uku, mu bar nan!"

"Ka ce saura biyar, Saje!"

"Na rage!"

A cikin wayar, sandar Inna ta bugi ƙofar kwano, ƙwanƙwan-ƙwanƙwan.

"'Yar nan, buɗe."

Murya daga ciki, a dishe, tana ƙoƙarin daidaita kanta: "Inna, ki koma ɗaki, rana ta yi zafi. Yanzu zan zo."

"Buɗe, na ce. Ga mai magana da ke."

"Ba na son waya yanzu, Inna. Ki ce su kira anjima."

"To shi ke nan. Soja, ta ce ka kira anjima."

Ƙofar ta buɗe da ƙarfin da Dogo ya ji ƙararta har cikin haƙoransa. Aka yi kokawa da waya, sannan numfashi, numfashi kawai.

"Maman 'Yan Biyu," ya ce. "Ni ne. Ban mutu ba. Kuskure aka yi."

Ya ƙara manna wayar a kunne.

"Kina ji na? Takardar nan ajiya ce, an aiko ta ne bisa..."

"Yau wace rana ce?" ta katse shi.

"Talata."

"Me na ce maka a tasha ranar da za ka tafi?"

"Kin ce in na dawo da rigar nan a yage, ni zan ɗinke abata."

Sai kukan ya ɓalle. Ba irin wanda ya taɓa ji daga bakinta ba ne, daga can ƙasan ciki yake fitowa. A bayansa yana jin Inna tana cewa, "To, to, ya isa, ga shi kina jin sa, zauna kada ki faɗi a kaina." Dogo ya bar ta daƙiƙa goma, yana ƙirgawa, don su kaɗai yake da su.

"Saurare ni, don Allah. Ba ni kaɗai ba ne. Mu talatin da ɗaya ne, duk takardunmu suna jakar masinja, yana bin gidaje yanzu haka. Duk muna da rai, babu wanda ko ƙwarzane ya samu. Ki tare shi, ki karɓe jakar. Gidajen da ya riga ya shiga, ki bi su."

Kukan ya tsaya cak, kamar an rufe famfo. Ya ji ta ja hanci, ya ji ta jawo wani abu a kan tebur.

"Faɗo sunayen. Ga alli a hannuna."

Kuku ya buɗe takarda yana karantowa, Dogo yana maimaitawa, ita kuma tana cewa "Wuce, na san ta. Wuce. Wannan layi na shida. Wuce. Wannan tana da ciki wata takwas, ita zan fara." A ƙasa Saje ya riga ya tara mutanensa, injin motar rakiya na ruri.

"Dogo! Sauko ko in harbo ka!"

"Talatin da ɗaya, shi ke nan," in ji Dogo. "Zan tafi. Ki kula da Inna."

"Tsaya. Shafi na biyu."

Kunnuwansa suka yi zafi. Ya manta da shafi na biyu. Abubuwa ne da mutum ke rubutawa idan ya tabbata ba zai kasance a wurin ba lokacin da za a karanta.

"Shekara tara ina aurenka," ta ce, muryar na rawa, amma ya san wannan rawar, ta faɗa ce. "Shekara tara, in na yi kwalliya ka ce 'ba laifi.' Ashe duk kana da wannan a ciki? Sai da ka mutu ka iya faɗa?"

"Ki ƙone ta kawai."

"In ƙone? Ka dawo ka same ni. Zama za ka yi ka karanta min ita da bakinka, layi-layi."

"Me ya rubuta?" in ji Inna daga gefe.

"Ba naki ba ne, Inna," in ji matarsa.

Kuku ya fashe da dariya har da hawaye. Dogo ya cusa masa wayar, ya zame ta tsani ba tare da ya taka rabin matakan ba, ya faɗa kujera. Tsohuwa ta kama a tari ɗaya. Kuku ya faɗo ta ɗaya ƙofar, motar rakiya ta yi gaba, suka gangara.

"Dogo," in ji Kuku, "ba ta kashe wayar ba fa."

Ya danna madannin da ke fito da murya waje, ya miƙa hannu ta taga ya ɗaga wayar sama iya tsawonsa. Ta cikin rurin inji suka ji takun gudu a kan siminti, silifa na faɗa-faɗa, da muryarta tana nisa da wayar, da alama a hannu take riƙe da ita ta manta.

"Kai mai babur! Kai! Tsaya nan! Ku tare min shi!"

Ƙarar birki. Muryar namiji tana tambayar lafiya. "Kawo jakar nan, gida nawa ka shiga?" Ya ce bakwai. Takun ya sake tashi, sannan dukan ƙofa da tafin hannu, da kukan wata mata a ciki wanda ya riga ya yi nisa.

"Buɗe, 'yar'uwa, share hawayenki! Yana da rai! Duk suna da rai, yanzu na yi magana da su!"

Kukan ya tsaya. Wata ƙofa ta buɗe, wata murya ta tambaya, wata ta amsa, muryoyin suka fara yawa suna hawa kan juna. Tsohuwa ta kai gindin tudu, maganar ta fara tsinkewa, ta dawo, ta sake tsinkewa, sannan ta ɗauke.

Kuku ya daɗe da hannu a waje kafin ya jawo shi. Dogo ya duba madubi. Babu kowa a bayansu, baburan sun yi wata hanyar. A gaba, Saje ya leƙo daga motar rakiya yana tambaya da hannu. Dogo ya fitar da nasa hannun ta taga, ya ɗaga babban yatsa, ya ga mutum shida sun miƙe tsaye a bayan mota suna dukan kafaɗun juna, har sai da Saje ya daka musu tsawa su zauna su kalli daji.